Baba Yana Jiran Yayyafi

Zuwa ga Baban Shalele,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi. Yaya teku? Yaya ciwon bayan nan naka, kana dai shafa maganin ko yana can ƙasan jaka? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka. Baba yana gaishe ka, ya ce in gaya maka gwiwarsa ta warke sarai. Na isar da saƙo, amma ni da nake jin yadda mahaifinka yake hawa matakalar benen nan, ba zan sa hannu a wannan magana ba.

Tunda waya ba ta kama ku a tsakiyar ruwa, sai ka yi haƙuri da dogon rubutu.

Ka tuna filin wasan da ake ginawa bayan tashar mota lokacin da ka tafi? To, an buɗe shi. Akwai ƙananan motoci masu karo da juna, da dawakan roba masu zagayawa, da wurin sulɓi cikin ruwa. Amma uban tafiyar shi ne wani ƙaton lilo mai kama da wilin keke, an rataya masa kwanduna, mutane su zauna ciki ya kai su sama ya sauko da su. Daga barandarmu ana hango shi tsaf. Kuma 'yarka ta hango shi.

Ka san halin Shalele. Shekara bakwai, magana sai ɗaiɗai, ba ta kallon mutum a ido, hayaniya kuwa ko ta injin markaɗe ce sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin tebur. Tun da likita ta yi mana bayanin lalurarta ban ga abin da ya ɗauke mata hankali kamar lilon nan ba. Da ta farka sai baranda. Ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, kanta yana bin kwandunan. A can nake kai mata abinci. Duk murfin tukunyar gidan nan ta kwashe, tana tsayar da su tana juyawa. Kwanakin baya ta ja rigar Baba ta nuna masa, ta ce, "Sama." Da ka ga fuskar tsohon nan, sai ka ce albishir ɗin mota aka yi masa.

Tun daga ranar ya ce sai ya kai ta. Na ce masa, Baba, wurin nan ko ni na doshi ƙofarsa sai kaina ya sara. Layin lilon kaɗai yakan fito har bakin wurin masu sayar da ruwan sanyi, mutum ya tsaya ƙafa ta yi tsami kafin ya kai gaba. Yarinyar da ba ta iya tsayuwar jiran a buɗe ƙofar gida, ina ita ina wannan? Sai ya ce shi da ya tsufa a tuƙin bas ya san abu ɗaya game da jama'a: sama ce take fito da su, ita ce kuma take mayar da su gida. Dole akwai ranar da filin yake zama fayau, shi zai nemo ta.

Wallahi na ɗauka zancen fatar baki ne. Sai ga shi kullum na dawo daga shagon magani na karɓi yarinya, ya ɗauki lemarsa ya fita. Ba ya shiga ciki, yana zama ne a kan benci kusa da maigadi, ya kalli sama, ya kalli layi. Ya dawo ya zauna yana ba ni bayani ina yanka albasa, kamar malami da ɗaliba.

Wai ranar garjin rana, da tsaka, layi gajere ne, amma kujerun ƙarfen sun yi zafin da za su toye ƙwai, kowa ya tafi wurin ruwa ya cushe, da la'asar kuma duk waɗanda suka ɓuya a gida su fito lokaci guda. Wai ranar da gari ya yi lumshi, ba rana ba ruwa, ita ce mafi muni, har masu jego fitowa suke yi. In kuma ruwa ya sauko babu shiri, ba gida ake tafiya ba, ana rugawa ne a cika rumfuna da wasannin da ke da rufi, hayaniyar ta ninka. Washegarin ruwa ma babu kyau, don duk wanda ya fasa jiya yau zai zo ya rama. Ni dai sai "to, Baba" nake cewa. Amma in gaya maka gaskiya, yana burge ni. Mutumin da ya ce ya gama da fita rana, ga shi ya koma ɗan leƙen asirin gajimare saboda kalma ɗaya.

Ka kula da kanka, ka ci abinci. Shalele ta danna yatsanta cikin tawada a ƙasan takardar, gaisuwarta ke nan.

Taka har kullum,
Maman Shalele

*

Zuwa ga Baban Shalele,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, aiki kuma yana sauƙi. Mu ma da sauƙi, alhamdu lillahi. Kada gabanka ya faɗi, kowa yana nan lafiya yanzu, amma gara ka ji daga bakina.

Mun je. Ba a yi nasara ba.

Ranar Asabar rediyo ya ce za a yi ruwa mai ƙarfi, wayata ma haka ta nuna. Da safe gabas ta yi baƙi ƙirin. Baba ya sa rigar ruwansa ya ce yau ce ranar, jama'a sun ji tsoro sun zauna gida, mu je mu hau kafin ya sauko. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na shirya ta muka hau bas.

Da farko kamar abin zai yi. Filin babu kowa sai masu shara. Sai dai mun tarar an tsayar da lilon, wai iska ta yi ƙarfi, ba a juya shi sai ta lafa. Muka tsaya a gaban layi muna jira, Shalele ta ɗaga kai tana kallon kwandunan daga ƙasa, bakinta a buɗe. To, iskar da ta hana lilo juyawa ita ce ta kwashe hadarin ta yi gaba da shi. Ko ɗigo bai sauka ba. Gari ya yi sanyi mai daɗi, irin ranar da Baba da bakinsa ya ce ita ce mafi muni, ga shi kuma ƙarshen mako.

Ban taɓa ganin wuri ya cika da sauri haka ba. Na waiga sau ɗaya na ga mutum biyar a bayanmu, na sake waigawa ban ga ƙarshen layin ba. Aka kunna lasifika. Motar wata makaranta ta sauke yara. Ana ture mu ta baya, ƙarfen layi ya tare mu dama da hagu, babu hanyar fita sai ta cikin mutane. Sai balan-balan ɗin wani yaro ta fashe daidai kunnenta.

Ba sai na kwatanta maka ba, ka sani. Ta zube ƙasa tana ihu tana buga kai da siminti. Mutane suka zagaye mu. Wata ta ce sangarta ce, wata ta ce a nemo mai addu'a, wani har ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Ni kuwa na daskare, hannuna yana ƙarƙashin kanta, ban san ta inda zan fara ba.

Sai Baba ya matso. Ya cire rigar ruwan ya lulluɓe ta ruf, ya durƙusa da gwiwar nan tasa, ya ɗauke ta ya rungume a ƙirji. Ya juya ya fuskanci layin nan, ya ɗaga murya irin ta direba, ya ce, "A ba mu hanya, bayin Allah." Kuma aka dare. Tun daga nan har bakin titi bai sauke ta ba. Sai da muka iso gida, ta yi barci, na ga jini a kafaɗar rigarsa. Ashe cizonsa ta yi ta yi duk tsawon hanya, ko uhum bai ce ba.

Na zauna ina wanke masa wurin. Ban taɓa musa wa mahaifinka magana ba, amma na ce, "Baba, don Allah a bar zancen lilon nan." Ya ce, "To, 'yata." Can kuma ya ce, kamar da kansa yake magana, ya saurari rediyo bai saurari iska ba.

Goshinta ya ɗan kumbura, ya saɓe yanzu. Ni ce dai har yau in na rufe ido nake ganin ƙafafun mutanen nan kewaye da mu. Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Maman Shalele

*

Baban Shalele,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Takardarka ta iso ta hannun ofishinku, na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Na ji daɗi da bayanka ya yi sauƙi. Na kuma ga inda ka ce in gaya wa Baba, da sunanka, kada a sake fita da ita. Na san tsoro ne ya sa ka, ni ma shi ya sa ni. Amma ban isar da saƙon ba, bari ka ji dalili.

Tun ranar nan Shalele ta daina zuwa baranda. Ta mayar mini da murafan tukunya da kanta, ta jera su a ƙofar kicin. Tana zama ne a lungun gado, ta ba taga baya. Kalmomin da take da su ma ta haɗiye. Na ɗauka in ta manta da lilon zan samu kwanciyar hankali, ashe shirun nan ya fi ihun ciwo.

Sai kuma na fara tarar da takalman Baba a jiƙe bayan ƙofa. Damina ta kankama, shi kuwa duk ranar da aka tashi da ruwa sai ya ce zai je gaida wani tsohon kwandastansa. Har mura ta kama shi. Da na kai masa ruwan zafi na ce, "Baba, wannan kwandasta a cikin kududdufi yake zaune ne?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ya yi mini alkawari ba zai fita da ita ba, kuma ba zai fita da ita ba sai da yardata, amma bai yi alkawarin daina kallon sama ba.

Daga nan ya faɗi abin da ya hana ni barci. Ya ce yarinyar nan sau ɗaya ta miƙa hannu ta ce tana son abu a duniya, aka kai ta ta sha wuya. In aka bar ta a haka, za ta ɗauka duk abin da ranta ya so ciwo ne a ƙarshensa, ba za ta sake miƙa hannu ba.

Ya ce yanzu ya gane kuskurensa. Ba hadari ake nema ba, hadari mayaudari ne. Yayyafi ake nema, wanda ya fara tun asuba, siriri, ba iska ba tsawa, irin wanda ba ya ƙaruwa ba ya ɗaukewa, kuma a tsakiyar mako. Ya tambayi masu aikin wurin, sun ce ruwa kaɗai ba ya hana lilo juyawa, iska da walƙiya ne ke hanawa.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. In ka ga na yi laifi da na riƙe saƙonka, ka yi haƙuri, ka yi faɗan da ni.

Taka,
Maman Shalele

*

Zuwa ga Maigidana, Baban Shalele,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, teku kuma ta yi muku ladabi. Mu nan lafiya ƙalau, murar Baba ta tafi. Nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Ranar Laraba na farka na ji ruwa yana sauka a hankali kan kwanon rumfar maƙwabta. Na leƙa, sama fara fat kamar an shimfiɗa zanen gado, ganyen bishiya ko motsi ba ya yi. Na fito falo na tarar da Baba zaune, ya sa rigar ruwa, lema a kan cinya. Ko kallona bai yi ba. Na tsaya a ƙofar kicin na daɗe. Sannan na ɗauki waya na gaya wa mai shago yau ba zan zo ba.

Shalele ta yarda ta hau bas, amma da ta hango ƙofar filin sai ta toge, ta toshe kunne. Na ce shi ke nan, mu koma. Baba ya ce a ba ta lokaci. Muka tsaya cikin yayyafi, shi yana riƙe mata lema, rabin jikinsa a waje. Babu lasifika, babu ihu, sai ƙarar ɗigon ruwa. A hankali ta sauke hannu ɗaya. Can ta sauke ɗayan. Ita da kanta ta fara takawa.

Ashe mahaifinka sananne ne a wurin nan. Maigadi ya miƙe yana cewa, "Baba Mai Hadari, yau dai an kawo ta!" Masu shara suka ɗaga masa tsintsiya daga nesa, ba wanda ya matso, ba wanda ya ɗaga murya, da alama ya riga ya yi musu bayani tun tuni. Filin nan da na sani cike maƙil, ga shi shimfiɗe ba kowa, dawakan roba suna tsaye ruwa yana zuba daga hancinsu. Matar da ke kula da lilon ta hango mu, ta miƙa hannu ta kashe ɗan rediyon da ke ɗakinta ba tare da an roƙe ta ba. Ta buɗe mana ƙaramar ƙofar gefe don mu wuce kai tsaye. Ina! 'Yarka ta ƙi. Sai da ta bi ƙarafan layin nan lanƙwasa bayan lanƙwasa, tana shafa su da hannu, mu biyu muna biye da ita kamar 'yan rakiya, a layin da babu kowa.

Matar ta goge kujera da tsumma. Na shiga, na miƙo wa Shalele hannu, Baba kuma ya ja da baya ya ce zai jira mu a ƙasa. Sai ta kama babban yatsansa ta ja. Ya ce, "Shalele, je ki da mamanki." Ta sake ja. Sai ya yi bisimilla, ya shigo.

Baban Shalele, duk zaman da muka yi, me ya hana ka gaya mini mahaifinka yana tsoron bisa?

Kwando yana barin ƙasa ya runtse ido. Ya damƙi ƙarfe har jijiyoyin hannunsa suka fito. Ana wannan sanyi, gumi yana bin gemunsa, leɓɓansa suna motsi, ina jin duk addu'ar da ya sani sai da ya karanto ta. Mutumin da ya yi makonni yana sintiri don wannan rana, ashe ya san abin da yake jiransa in ta ce sai da shi.

Ita kuwa, ban san yadda zan rubuta maka ba. Ta manna fuska da wayar kwandon, iska mai ɗan ruwa tana taɓa ta, ta fara dariya. Ba irin ƙaramar nan da take yi ita kaɗai ba, dariya sosai, har da buga ƙafa. Gari duk ya kwanta a ƙarƙashinmu, rufin gidaje yana sheƙi, motocin tasha kamar akwatunan ashana. Na hango benenmu, har da shanyar da na manta a baranda tana shan ruwa. Ina kuka ina dariya, babu mai ganina.

Da muka kai ƙololuwa lilon ya ɗan tsaya, kwando yana reto. Baba ya ƙara ƙanƙame ƙarfe. Sai Shalele ta juyo ta dube shi, a fuska, ta daɗe tana dubansa. Ta sa ɗan yatsa ta ɗaga masa fatar ido, ta ce, "Baba, duba."

Kalma biyu a jere, ka taɓa ji? Ya buɗe ido ɗaya. Ya ce, "Na gani, uwata, na gani," ya mayar ya rufe.

Da muka sauko ta ƙi tashi. Matar ta leƙa bayanta, layi ba kowa, ta dube mu tana murmushi. Na ce a bar Baba ya sauka haka nan. Ido a rufe ya ɗaga hannu ya juya shi, wato a ci gaba. Haka muka yi ta zagayawa, ban ƙirga ba. Duk saukowa matar ta tambaya da ido, duk saukowa hannun nan ya tashi. Sai da yayyafin ya fara tsagaitawa, yamma ta ɗan yi haske, muka hango lemomi sun fara shigowa ta ƙofa. Baba ya ce rana tana leƙowa za su cika wurin, mu tafi da daɗinmu. Kuma ta yarda, ta fito da ƙafarta.

A bakin ƙofa Baba ya zube kan jiƙaƙƙen benci. Maigadi yana ta yi masa tsiya, wai direban manyan motoci guda. Baba ya ce mota ai a ƙasa take tafiya, shi ko tsani bai taɓa hawa ba tun yana saurayi, kuma kada wanda ya kai labari tasha. Na dube shi, wando a jiƙe, hula ta karkace, jikarsa ta jingina da kafaɗarsa tana wasa da maɓallin rigarsa. Ni dai ban san irin addu'ar da zan yi wa tsohon nan ta isa ba. Allah Ya saka masa, Ya bar mana shi.

Yanzu ga saƙo, kuma wannan zan isar da shi yadda aka ba ni. Baba ya ce in gaya maka shi ya yi nasa, ya kuma tuba. Hawa na gaba na ubanta ne. Saboda haka in za ka nemi hutu, kada ka nemi na lokacin da kowa yake nema. Ka roƙi shugabanku ya sake ka tun ruwa bai ɗauke ba, ka zo mana da takalmin roba. In ya tambaye ka wane irin mutum ne yake roƙon hutu a tsakiyar damina, ka ce masa 'yarka ce take da abin da za ta nuna maka.

Ka gaida abokan aiki. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai jiranka,
Maman Shalele